Cin kifin teku a Legas da kuɗi daidai aljihu: tambayoyin da mutanen Kano ke yi

Na daɗe ina bin hanyar Kano zuwa Legas saboda kayan da muke ɗaukowa daga Apapa mu kawo Kantin Kwari. Abin da yake damuna har yau shi ne in ga ɗan'uwanmu ya yi tafiyar kilomita kusan 1,000, ya sauka a garin da teku ke bakin ƙofarsa, amma ya kwana bakwai bai ci komai ba sai shinkafa da wake a Agege, da shayi da burodi a Obalende. Ba rowa ce ke hana shi ba. Tsoro ne iri uku: kada ya ci haram, kada cikinsa ya ɓaci a baƙon gari, kada kuma a gan shi da hula da babbar riga a tsuga masa kuɗi. Duka ukun suna da magani. Tambayoyin nan na tattara su ne daga abin da abokan kasuwa da 'yan gida da 'yan majalisarmu suka sha yi mini.

Alhaji, muna da kifi a Kano. Me zai sa in je Legas in kashe kuɗi a kansa?

Muna da shi kam. Akwai ƙarfasa da tarwaɗa da giwan ruwa daga madatsar Tiga da ta Challawa, ga bandar Baga da ta Haɗeja, ga kasuwar kifi ta titin Galadima a Sabon Gari. Amma duk wannan kifin ruwan daɗi ne, na kogi da tafki da kiwo. Kifin ruwan gishiri, wato na teku, da muke gani a Kano shi ne na ƙanƙara, wanda ya yi makonni ko watanni a daskare kafin ya iso hannun mai suya a bakin titi.

Kifin da aka fito da shi daga teku da asuba aka ɗora a gawayi da yamma wani abu ne daban. Namansa fari ne, yana ɓarewa sala-sala, ba shi da warin laka irin na tarwaɗar kududdufi, ƙarninsa kuma kaɗan ne ƙwarai. Mutane da yawa da ke cewa ba sa son kifi, tsohon kifi ne ba sa so. Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita kusan 853, daga Badagry har iyakar Kamaru, kuma abin takaici ne a ce mutum ya tsufa a ƙasar bai taɓa ɗanɗana abin da ke fitowa daga cikinta ba.

Kaguwa da jatan lande da sauran halittun nan masu ƙafafu, halal ne kuwa?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. A mazhabar Imamu Malik da muke bi a nan, abin da ke rayuwa a cikin teku halal ne, kifi ne ko kaguwa ko jatan lande ko waninsu, kuma ba ya buƙatar yanka. Dalilin yana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 96, inda Allah ya halatta farautar teku da abincinsa. Sannan akwai hadisin Abu Huraira da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa: wani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa suna shiga teku da ruwan sha kaɗan, ko za su iya alwala da ruwan teku? Sai ya amsa cewa ruwansa mai tsarki ne, mushensa kuma halal ne.

Inda ruɗani ke shigowa shi ne mazhabar Abu Hanifa, wadda ta taƙaita halaccin a kan kifi kaɗai. Wanda ya yi karatu a hannun malaman Pakistan ko Indiya ko Turkiyya zai iya dawowa da wannan fahimtar, kuma ba ƙarya ya faɗa ba, mazhabarsu ce. Amma ba hukuncin da aka gina karatunmu na zaure a kansa ba ke nan.

Katantanwar tudu, wadda Yarbawa ke ci sosai kuma za ka gan ta a jerin abincin gidaje da yawa, ba dabbar teku ba ce, hukuncinta daban yake. Idan ranka yana son gwadawa, tambayi malaminka kafin ka bar Kano. Kuma ƙyama ba haramci ba ce. Wanda ransa bai karɓi kaguwa ba ya bar ta, ba laifi, sai dai kada ya ce wa mai ci ya ci haram.

To giya fa, da naman alade? Na ji an ce suna haɗawa.

Nan ne ya kamata a sa ido, fiye da kan kaguwa. Gidajen abinci da yawa a Legas, musamman na bakin ruwa, suna sayar da giya a fili. Wasu kuma masu girki irin na Turawa ko na Sin suna zuba giyar inabi ko ta shinkafa a cikin miyar da ake dafa jatan lande da ita. Ba a rubuta wannan a takarda kullum, sai ka tambaya. Kada ka ji nauyi. Ka ce kai Musulmi ne, ba ka son a sa giya a girkinka, sannan ka tambaya ko ana soya alade a man da za a soya maka kifi. Musulmi suna da yawa a Legas, ma'aikatan sun saba jin wannan tambayar, da yawansu ma Musulmin ne.

Hanya mafi sauƙi ita ce gashi. Kifi guda, gawayi, barkono da albasa da lemon tsami, a gabanka ake yi. Babu wata miya da ba ka san abin da ke cikinta ba. Ni kaina na fi zaɓar gidan da ba a kawo kwalba kan teburi ko kaɗan, ko in sa a naɗe mini in tafi masauki in ci hankali kwance.

Wane kifi zan nema idan an miƙo mini takardar abinci?

Fara da abin da ba za ka nema ba. Kada ka biya kuɗi mai yawa a kan taitus ko kote da sunan sabon kifi. Taitus kifin ruwan sanyi ne na arewacin tekun Atilantika, daga wajen Norway da maƙwabtanta ake shigo da shi a daskare cikin kwali. Wanda ake gasawa a Legas da wanda ake soyawa a Fagge daga jirgi ɗaya suka sauka. Haka panla, busasshensa da na ƙanƙara. Haka ma farfesun tarwaɗar da suke kira poyin-an-kil, wato ka nuna a kashe: yana da daɗi, amma yawanci tarwaɗar kiwo ce irin wadda ake kiwo a tankuna a nan Kano. Ba don su ka je teku ba.

Abin nema na farko shi ne kuroka. Shi ne kifin gashi na Legas, ƙayarsa manya ce masu sauƙin cirewa, kuma ko wanda bai saba da kifin teku ba yana karɓarsa. Sai dai akwai na ƙanƙara a cikinsa shi ma, don haka a tambaya. Akwai jan kifin nan sinafa, akwai barakuda mai tsawo da haƙora, akwai falalen kifin da Yarbawa ke kira abo, wanda idanunsa biyu ke gefe guda. Akwai obokun, ɗan'uwan tarwaɗa ne amma fari mai sheƙi, na ruwan lagun, wato tafkin da ya kewaye Legas, kuma a miya ba shi da na biyu. Mai gida a ƙasar Yarbawa idan ya ba ka obokun ya girmama ka.

Manyan jatan lande su ne masu tsada, kuma akwai dalili: jiragen kamun kifi na fitar da mafi kyawunsu zuwa Turai, abin da ya rage a gida sai ya bi farashin waje. Matsakaita sun fi araha nesa, ɗanɗanon kuwa ɗaya ne. Kaguwar lagun tana da sauƙin kuɗi, sai dai aikinta ya fi namanta yawa.

Kalmomi uku na Yarbanci za su yi maka amfani a kasuwa: eja shi ne kifi, ede jatan lande, akan kaguwa. Idan ka ƙara da "elo ni", wato nawa ne, mai sayarwa za ta sake maka fuska.

A wace unguwa ake samun mai kyau kuma mai sauƙi?

Ba zan ambaci sunan wani gida ba, domin gidan abinci kamar kasuwa yake, wanda ya yi kyau bana baɗi mai girkin ya tashi. Amma tsarin garin ba ya canzawa. A Victoria Island da Ikoyi da Lekki, rabin kuɗin da za ka biya na haya ne da na'urar sanyaya ɗaki da kallon ruwa. Kifin da ke kan farantin ba lallai ya fi na Surulere ko Yaba ko Ikeja ba. Idan baƙo mai daraja za ka karrama, ko amarya ka kawo, kallon ruwan ma abin biya ne, ban hana ba. Idan kuwa cin kifin ne a gabanka, ka tsallaka gada ka koma cikin gari.

Alamar gida mai kyau ita ce cinkoson 'yan gari. Inda ka ga ma'aikata da iyalai suna jiran kujera a ranar aiki, kifin wurin ba ya kwana. Gidan da ya ƙawatu amma babu kowa, takardar abincinsa kuma shafi goma, to firiza ce ke riƙe da shi. Da ɗan gari akan ci gari: tambayi Hausawan Idi-Araba ko Mile 12 ko Agege da suka daɗe a can, ko direban da ke ɗaukar maka kaya. Su sun san inda ake gashi mai tsabta ba tare da giya ba.

Mai lokaci kuma ya je Epe. Tafiya ce mai ɗan nisa ta hanyar Lekki da Ajah, amma kasuwar kifinta ta shahara a duk jihar, mata ne ke riƙe da ita, kifi da yawa ma da ransa za ka same shi a cikin baho. Ka saya, a gyara maka, ka kai wa mai gashi ka biya ladan wuta. Ban san hanyar da ta fi wannan sauƙin kuɗi ba, musamman idan kuna da yawa.

Yaya zan yi kada a cuce ni a farashi?

Kada a ɗora kifi a wuta sai kun gama magana. Wannan ita ce dokar, sauran duk bayani ne.

Kifin teku sau da yawa ba shi da tsayayyen farashi a takarda. Za ka ga an rubuta cewa kuɗinsa ya danganta da girma, ko da farashin ranar. Wannan ba zamba ba ce, haka sana'ar take, domin abin da masunta suka samu jiya ba shi za su samu yau ba. Zambar tana shigowa ne idan ka yi shiru. Ya taɓa faruwa da ni a wani gida a bakin ruwa: na nuna kifi na ce a gasa, na ɗauka kuɗin da na gani a takarda na kifin ne gaba ɗaya, ashe na rabin kilo ne, kifin kuma ya haura kilo biyu. An riga an ci, ba yadda za a yi. Abin ya yi mini ciwo, ba don kuɗin kaɗai ba, don da an so da an faɗa mini tun farko.

Saboda haka ka tambaya: kuɗin nan na kilo ne ko na kifi guda? A auna a sikeli a gabanka, tun kafin a fasa cikinsa. A faɗa maka jimilla da baki, in da hali a rubuta. Sannan ka tambayi abin da ke biye da shi, domin wani gidan soyayyen dankali ko doya ko agada suna cikin kuɗin, wani gidan kuwa kowanne da nasa lissafin. Mu 'yan kasuwa ne, a Kwari ba wanda ke yanka yadi kafin a yi ciniki. Ban ga dalilin da zai sa kunya ta kama mu a gaban kifi ba.

A kasuwa da wurin masu gashi na bakin hanya ana taya kaya. A gidan da ke da takarda da ma'aikata masu inifam ba a tayawa, amma ana tambaya. Kuma babban kifi ɗaya da mutum uku za su ci tare ya fi ƙanana uku sauƙi, ya kuma fi tsoka.

Na lissafa abin da na ci, amma takardar biya ta zo da ƙari. Daga ina?

Haraji ne da kuɗin hidima. Akwai harajin VAT na tarayya, kashi 7.5 cikin 100 tun watan Fabrairun 2020. Akwai harajin jihar Legas na kashi 5 cikin 100 a kan abin da aka ci a otal da gidajen abinci, a ƙarƙashin dokar da jihar ta yi a 2009. Wasu gidajen kuma suna ɗora kuɗin hidima, sau da yawa kashi 10. Ka ga idan abincinka na naira 10,000 ne a gidan da ke karɓar duka ukun, abin da za ka biya ya kai 12,250. Tambayi ko farashin takarda ya haɗa da haraji kafin ka zauna. Ƙananan wuraren gashi galibi abin da suka faɗa shi ne ke nan.

Ta yaya zan gane sabon kifi?

Ido, kunne, tsoka, hanci. Idon sabon kifi garau yake, a ɗan tashe; idan ya yi hazo ya faɗa ciki, kifin ya kwana biyu. Ɗaga murfin da ke gefen kansa ka duba abin da yake numfashi da shi: ja mai haske ake so, ba ruwan ƙasa mai yauƙi ba. Danna tsokar da yatsa, idan ta dawo nan take lafiya, idan ramin ya zauna ka bar shi. Warinsa kuma ya zama na ruwan teku, ba mai hawa kai ba. Jatan lande idan kansa ya fara baƙi yana saki, ko yana wari kamar fitsari, ya lalace. Kaguwa kuwa da ranta ake dafa ta. Wadda ta mutu tun kafin a zo dafawa ba a saye.

Gidan da ya yarda da kayansa zai nuna maka kifin ɗanye. Wanda ya ce ba a shiga, ba a gani, kuma komai nasa a lulluɓe yake da jan yaji tun safe, ka yi hattara, domin yaji yana rufe asirin tsohon kifi.

Akwai wani abu da mutane ba su cika sani ba. Kifi irin su taitus da tuna idan suka daɗe a zafi ba ƙanƙara, wani sinadari mai suna histamin yana taruwa a namansu, kuma wuta ba ta kashe shi. Mutum zai ci gasasshen kifi da zafinsa, bayan 'yan mintuna fuska ta yi ja, kai ya yi ciwo, jiki ya yi ƙaiƙayi. A ƙasar da wutar lantarki ke ɗaukewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan ka ji kifi yana cizon harshe da wani ɗanɗano kamar ƙarfe, ajiye shi.

Ɗanyen abu kuwa, irin wanda ake ci a gidajen Japanawa da na Turawa, shawarata ka bar shi. Legas ta yi fama da ɓarkewar kwalara a 2024, kuma ƙwayar cutar tana son gurɓataccen ruwa da abin da ba a dafa ba. A dafa ya nuna har ciki, ka sha ruwan gora da ka buɗe da hannunka, ka bar ƙanƙarar da ba ka san ruwanta ba.

Ban taɓa cin jatan lande ko kaguwa ba. Ba za su yi mini illa ba? Kuma yaya ake cin su?

Wataƙila ka taɓa ci ba ka sani ba. Kirefish ɗin da ake dakawa a zuba a miya, wanda ake kawowa daga wajen Oron a Akwa Ibom, ƙananan jatan lande ne busassu. Amma duk da haka a karon farko ka ci kaɗan ka saurara. Wasu mutane jikinsu ba ya karɓar waɗannan halittun: borin jini, kumburin leɓe, ƙaiƙayin maƙogwaro. Idan numfashi ya fara wuya ko harshe ya kumbura, wannan ba na jiƙo ba ne, ba na "bari mu gani" ba ne, asibiti za a nufa a take. Wanda ya san yana da wannan matsala ya faɗa wa mai girki, domin man da aka soya jatan lande a ciki ma ya isa ya tayar masa da ita. Mai ciwon gaɓoɓin nan da ake kira gawut shi ma ya rage.

Cin kuwa ba wuya. Jatan lande: murɗe kai, ɓare ɓawon daga ciki, ja wutsiya, cire baƙin zaren da ke bayansa idan ba a cire ba. Kaguwa: ɓalle manyan hannuwan ka fasa, nan tsokar take, sannan ka buɗe ƙoƙon ka zubar da abin nan mai kama da soso a gefe biyu. Da hannu ake ci, 'yan gari ma haka suke yi, za a kawo ruwan wanke hannu. Mai farar shadda dai ya naɗe hannun riga.

Yajinsu fa?

Ya fi namu zafi. Mu yajinmu na ƙuli ne da citta da kanumfari, nasu ɗanyen attaruhu ne da aka markaɗa. Ce a sa kaɗan a jikin kifin, sauran a kawo a gefe.

Gaskiya ne idan aka ci kifi aka sha nono fata tana ɓaci?

Mun taso muna ji daga iyaye, amma likitoci ba su sami alaƙa tsakanin wannan haɗin da ciwon fata ba, kuma ƙasashe da yawa da madara suke dafa kifi. Abin da ke kawo matsala shi ne lalataccen kifi ko lalataccen nono, kowanne shi kaɗai ma ya isa.

Yaya, ina da juna biyu, kuma da yara za mu tafi. Mu ci?

Ki ci, ƙanwata, kifi yana da amfani a gare ki da abin da ke cikinki. Yana da kitse mai kyau da ke taimakon ƙwaƙwalwar jariri, kifin teku kuma yana da aidin, sinadarin da rashinsa ke kawo maƙoƙo. Sharaɗi biyu ne: ya dahu sosai, kuma ki guji manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu, irin su shak da kifi mai takobi, domin sinadarin makuri yana taruwa a jikinsu. Kuroka da abo da matsakaitan jatan lande sun wadatar. Idan likitarki ta awo ta hana ki wani abu, maganarta ce gaba da tawa.

Yara kuma ƙaya ce abin tsoro. Ki zauna ki tsince musu da hannunki, a wuri mai haske, kada a bar yaro da kan kifi. Idan ƙaya ta maƙale ta ƙi wucewa, kada a yi ta tura masa lomar tuwo ko burodi da ƙarfi, a kai shi a cire. Idan wurin a bakin teku yake, ki riƙe su da kyau. Tekun Legas yana da igiya mai ja ta ƙasa, ba irin ruwan Tiga ba ne, ko manya da suka iya iyo yana rinjayarsu.

Wane lokaci ya fi, kuma yaya salla?

Tsakanin azahar da la'asar a ranar aiki ya fi sauƙin samun kujera da natsuwar mai girki. Daren Juma'a da Asabar wuraren bakin ruwa suna cika da kiɗa da hayaniya, ba lokacin iyali ba ne. Ka lissafa gosulo: gadar Third Mainland kilomita 11.8 ce, amma da yamma tana iya cinye maka abin da ya fi awa. Gasa babban kifi kuma yana ɗaukar minti 30 zuwa 45, wanda aka kawo maka cikin minti biyar ɗumame ne.

Rana tana faɗuwa a Legas bayan ta faɗi a Kano, saboda garin yana yamma da mu, don haka kada ka yi magariba da agogon gida, musamman mai azumi. Masallatai suna nan ko'ina, daga babban masallacin tsibirin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe har na cikin unguwanni. Na fi son in ba da odar kifi, in je in yi salla, in dawo in tarar ya nuna.

Ana ba ma'aikaci wani abu?

Ba dole ba ne, balle idan an riga an sa kuɗin hidima. Amma yaron da ya tsaya a kanka ya faɗa maka gaskiyar wane kifi ne na yau, ka ba shi ihsani a hannunsa. Gobe shi zai ɓoye maka mai kyau.

Idan ba Legas na je ba fa?

Dokokin ɗaya ne, abincin ne ke canzawa. A Fatakwal ka nemi bole da kifi, gasasshiyar agada ce da kifi da miyar manja, abincin talaka ne mai ƙosarwa, da kuma miyar masunta da ake cika ta da kayan ruwa. A Kwatano, inda mutanenmu ke zuwa sayen motoci da atamfa, gasasshen kifi yana ko'ina a bakin ruwa, sai dai lissafin da sefa ne, ka san canji kafin ka zauna.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne Jidda. Alhazanmu da masu Umara suna ratsa garin shekara da shekaru, da yawa ba su san akwai babbar kasuwar kifi a bakin Bahar Maliya ba, inda za ka zaɓi kifinka, a auna, a kai wurin masu gyara, sannan a soya ko a gasa maka. Ka nemi hamur ko najil, ka ci da shinkafar sayadiya mai launin ƙasa da ake dafawa da soyayyiyar albasa. A can kuma babu fargabar giya ko alade, hankalinka yana kan farashi kawai.

Zan iya kawo wa iyali tsaraba Kano?

Ɗanye a mota, a'a. Tafiyar tana cin yini da kwana, wani lokaci fiye, ƙanƙarar cikin kula za ta narke tun kafin a kai Kaduna, abin da zai iso gida cuta ce. A jirgin sama tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce, ana iya yi idan kifin ya daskare sosai an naɗe shi yadda ba zai yi yoyo ba, amma ka tambayi kamfanin jirgin tun kafin ranar, domin kowanne da ƙa'idarsa.

Abin da na saba kawowa shi ne busasshe: bandar kifin teku, manyan jatan lande da aka yi wa hayaƙi, da kirefish. Ka karya ɗaya ka duba cikinsa kafin ka biya, ya zama ya bushe ƙayau, babu fumfuna, babu ƙwari, babu kuma warin maganin ƙwari, domin wasu marasa tsoron Allah suna fesawa don ya daɗe. Naɗe shi a takarda ka sa a kwali, kada a ƙulle a leda ya yi gumi. Idan ya iso Kano a sake shanya shi yini guda a rana, kafin uwargida ta wanke shi da ruwan zafi ta jefa a miyar kuɓewa.